Ruwa Kyautar Allah Ne, Kada Mu Mai da Shi Guba



Ga shi bazara ta kankama, mu kuwa muna cikin kwanakin Azumi. Ba da daɗewa ba, a daren Ista, za mu tsaya kewaye da ruwan Baptisma, mu gode wa Allah wanda ya sāke haihuwarmu ta wurin ruwa da Ruhu Mai Tsarki. Amma a wannan lokaci ne kuma zafi yake kora 'ya'yanmu zuwa kududdufai da rafuffuka da bakin madatsun ruwa, inda wata cuta take jiransu.

A wani ƙauye da na je yin Misa, na ga yaro ɗan shekara goma ya rame, idanunsa sun yi fari. Uwarsa ta ce ya daɗe yana fitsarin jini. Ubansa kuwa ya yi dariya, ya ce ai alamar balaga ce, shi ma ya yi. Ya ku iyaye, wannan ba balaga ba ce, ba kuma maita ba ce. Sunanta tsargiya.

A shekarar 1851 wani likita Bajamushe, Theodor Bilharz, ya gano tsutsar da take kawo ta a birnin Alƙahira. Ga yadda take yaɗuwa. Mai cutar ya yi fitsari ko bayan gida a cikin ruwa, ƙwayayen tsutsar su ƙyanƙyashe, su shiga jikin ƙananan dodon koɗi, su hayayyafa. Daga nan sai su fito, ƙanana ƙwarai har ido ba ya ganinsu, su huda fatar duk wanda ya shiga iyo, ko wanki, ko kamun kifi. Ba sai mutum ya sha ruwan ba. Da fari ƙaiƙayi ne kawai. Bayan watanni biyu ko uku sai jini ya bayyana a ƙarshen fitsari. In an ƙyale ta shekaru, takan raunana mafitsara da ƙoda, ta rage jini, ta dushe ƙwaƙwalwar yaro a makaranta, takan kuma hana mace haihuwa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a shekarar 2021 mutane fiye da miliyan 250 ne suke bukatar maganinta, yawancinsu a Afirka. Wanda kuma ya haɗiye irin wannan ruwa yana iya ɗaukar kwalara ko taifod.

Wani zai ce, ai rai a hannun Allah yake. Gaskiya ne. Amma ku tuna, sa'ad da Shaiɗan ya ce wa Ubangijinmu ya faɗo daga kan Haikali don mala'iku su tare shi, Yesu ya ƙi, gama bangaskiya ba ta gwada Allah. Sa'ad da mutanen Yariko suka kawo wa annabi Elisha kukan ruwansu mai kawo mutuwa, bai ce su yi haƙuri ba, ya tafi har maɓuɓɓugar ya gyara ta da sunan Ubangiji. A Littafin Maimaitawar Shari'a, sura 23, Allah da kansa ya umarci Isra'ilawa su keɓe wurin bayan gida nesa da zango, su haƙa rami su rufe, domin shi Mai Tsarki yana tsakiyarsu. Ashe tsabta tana cikin ibada. Wanda ya ƙazantar da ruwan da ɗan maƙwabcinsa zai shiga, ina ƙaunar maƙwabci a wurinsa?

Saboda haka ina roƙonku abubuwa huɗu. Na fari, kowane gida ya haƙa masai, kada babba ko yaro ya yi fitsari ko bayan gida a bakin ruwa. Na biyu, ku hana yara wanka a ruwa kwantacce, ku ba su ruwan rijiya ko na burtsatse a gida. Na uku, in ba makawa sai ruwan rafi, ku tafasa shi, ko ku ajiye na wanka kwana biyu a randa, gama tsutsar ba ta kai haka da rai. Na sha kuwa, lalle a tafasa. Na huɗu, duk wanda ya ga jini a fitsarinsa ya tafi asibiti ba tare da kunya ba. Akwai magani, Praziquantel, wanda ake rabawa kyauta a makarantu da yawa. Ku bar 'ya'yanku su karɓa, ku ciyar da su kafin su sha. Sai dai maganin ba ya hana sāke kamuwa in an koma ruwan.

Kada mu fid da zuciya. Dattawanmu sun san wahalar kurkunu, amma da aka haɗa kai aka tace ruwa, a shekarar 2013 aka tabbatar Nijeriya ta rabu da shi. Katakis, 'yan Zumuntar Mata, da matasa, ku kai wannan magana gida gida, har ga maƙwabtanmu Musulmi, gama rafi ɗaya muke sha.

Bari Yesu, maɓuɓɓugar ruwan rai, ya kiyaye 'ya'yanmu, Uwarmu Maryamu kuma ta yi roƙo dominmu. Amin.