Yadda Muke Ɗaukar Mamaci da Yadda Muke Ɗaukar Mai Rai

Duk wanda ya taɓa halartar jana'iza a Ƙanƙara ko Faskari ko Sabuwa ya san yadda ake ɗaukar mamaci. A miƙe ake shimfiɗe shi kan makara, a kama kusurwa huɗu, a ɗaga lokaci guda, a tafi a natse, ba mai fizga, ba mai lanƙwasa shi. To, a tsaya bakin hanyar Funtuwa zuwa Gusau, wajen Sheme ko Yankara, ranar da mota ta kife ko babur ya yi karo, a ga yadda ake ɗaukar mai rai. Wannan ya kama hannu, wancan ya kama ƙafa, kai na lilo, a cusa mutum kujerar bayan Golf, ko a ɗora shi kan babur tsakanin mutum biyu. Cikin tausayi ake yi, kowa na cewa a yi maza a kai shi asibiti. Amma wanda ya riga ya cika ya fi mai sauran numfashi samun kyakkyawar ɗauka a hannunmu.

Abin da ke cikin haɗari a wannan lokacin shi ne laka. Kaurinta bai wuce na ƙaramin yatsa ba, ta sauko daga ƙwaƙwalwa ta ratsa cikin ƙasusuwan wuya bakwai da na gadon baya, kuma ta cikinta umarnin motsi ke sauka, jin zafi da taɓawa ke hawa. Idan ƙashin wuya ko na baya ya karye, wani lokaci lakar ba ta gama lalacewa ba, danne ta kawai aka yi. Lanƙwasawar da aka yi wa mutum wajen ɗauka tana iya ƙarasa abin da hatsarin ya bari. Ƙashi yana haɗewa, shi ya sa masu ɗori ke da daraja a wurinmu, amma laka ba ta ɗoruwa, kuma jan bayan da ya karye ko murza shi ɓarna yake ƙarawa. A yankinmu ba titi kaɗai ke jawo wannan ba: akwai faɗowa daga ɗorawa ko tsamiya, akwai ruftawar ramin haƙa, ga kuma harsashin 'yan bindiga.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce sama da mutum miliyan 15 ke rayuwa da raunin laka, kuma masana sun daɗe suna neman mafita. A 2023, a birnin Lozan na Suwizalan, Grégoire Courtine da likitar tiyata Jocelyne Bloch sun bayyana aikin da suka yi wa Gert-Jan Oskam, ɗan ƙasar Holan da ƙafafunsa suka shanye bayan hatsarin keke a 2011. Sun dasa masa na'ura a kai mai karanta niyyar motsi, kwamfuta ta aika saƙon zuwa wata na'urar da ke kan lakar a ƙasan raunin. Ya miƙe, ya taka da sanduna, har ya hau matakala. A 2025 kuma Jami'ar Keio ta Japan ta sanar da cewa ta dasa wa mutum huɗu ƙwayoyin halitta da aka raina a ɗakin gwaji. Biyu sun samu sauƙi, ɗaya yana iya tsayuwa. Abin farin ciki ne ƙwarai. Sai dai har yanzu gwaji ne a kan mutane ƙalilan, kuma babu allura ko ƙwaya da ke haɗa lakar da ta tsinke. Duk wanda ya ce a sayar da gona a ba shi kuɗin irin wannan magani, a guje shi.

Ni abin da ya fi tsaya mini a rai tarihin Ludwig Guttmann ne, likitan da ya buɗe sashen masu raunin laka a asibitin Stoke Mandeville na Ingila a 1944. Kafin shi, yawancinsu ba sa daɗewa, kuma gyambon kwanciya da ciwon mafitsara ne ke kashe su. Ya sa a riƙa juya majinyaci duk bayan awa biyu, dare da rana, a kula da tsabtar robar fitsari, a yi gashin ƙashi, a tashe shi ya koyi sana'a da wasa. Daga wasannin da ya fara shiryawa a 1948 gasar nakasassu ta duniya ta samo asali. Kusan duk wannan, uwa ko mata ko ƙane na iya yi a ɗakin ƙasa, in an nuna musu.

Saboda haka, idan wanda ya yi hatsari ya ce wuyansa ko bayansa na ciwo, ko ba ya jin ƙafafunsa, kada a zaunar da shi, kada a ce ya gwada tashi. Mutum ɗaya ya riƙe kansa daidai da jikinsa, uku ko huɗu su mirgina shi gaba ɗaya kan ƙyauren ƙofa ko faffaɗan katako, a tokare kan da tsumma ta gefe biyu, a ɗaure, a nemi a-kori-kura inda zai kwanta a miƙe. Daga asibitin kusa a nemi a tura shi asibitin Shika, ko na Dala, ko na Malam Aminu Kano ba da ɓata lokaci ba, domin bincike ya nuna tiyatar ɗage ƙashi daga kan laka ta fi amfani cikin awa 24 na farko.

Shugabannin direbobi da na 'yan acaɓa a tashoshin Ƙanƙara, Sheme da Sabuwa, ku ne ke fara isa wurin hatsari. Don Allah ku ajiye katako a kowace tasha, ku gayyato ma'aikacin lafiya ya koya wa yaranku wannan ɗauka.