Kada Na'ura Ta Zama Alƙalin Zuciya

Hausawa kan ce labarin zuciya a tambayi fuska. To, wasu kamfanoni sun mayar da wannan magana sana'a. Suna ƙera manhajojin da ke leƙen fuskarka ta kyamara, su saurari rawar muryarka, su lura da inda kake da lokacin da ka ɗauki waya, sannan su yanke hukunci: wannan yana fushi, waccan ranta a ɓace, wancan ƙarya yake yi. Ina jan kunnenmu tun abin bai zama ruwan dare ba.

Da farko dai, bokancin nan ba ya ci. A 2019 masaniya Lisa Feldman Barrett da abokan aikinta sun bi diddigin bincike sama da 1,000, suka tarar ba a iya dogara da motsin fuska wajen sanin abin da ke rai. Mu kam ai mun riga su sani, tunda haƙorin dariya shi ke cizo. Yaron da ya sunkuyar da kai gaban malaminsa tarbiyya ya nuna. Amaryar da ta ƙi haɗa ido da surukarta kunya ce da kara. Na'urar da ta koyi karatun fuska a kan mutanen Amurka da Turai, me za ta rubuta a kansu? Rashin gaskiya, ko rashin mai da hankali. Kuma babu inda za su kai ƙara.

Wanda ya san halin da kake ciki kuwa yana iya juya ka. A 2012 Facebook ya sauya abin da mutane 689,003 ke gani na tsawon mako guda, don ya gwada ko zai iya faranta musu rai ko ya ɓata. Ba wanda aka tambaya. Sai a 2014 duniya ta ji.

Su kansu masu abin sun fara ja da baya. Kamfanin HireVue ya daina auna fuskar masu neman aiki, Microsoft ya janye tasa fasahar a 2022, Tarayyar Turai kuma ta haramta ta a makarantu da wuraren aiki daga 2025, in ban da dalilin lafiya ko kare rai.

Hajar da ta yi kwantai a can, kasuwarmu za a kawo ta. Mai makaranta, mai kamfani, ranar da dillali ya zo maka da kyamarar da wai ke gane ɗalibi malalaci ko ma'aikaci mai ha'inci, tambaye shi a kan fuskokin wa aka gwada ta, kuma a hannun wa hotunan 'ya'yan mutane za su kwana.