Sabon Tunani A Gaban Kwanon Abinci

Karatun yau: Romawa 12:1-2, 1 Sarakuna 19:1-8

Wata 'yar'uwa ta tsaya bayan sujada ta ce mini, "Mai bishara, ka yi mini addu'a, aljanin ci ya kama ni." Da rana takan hana kanta abinci. Idan yara suka yi barci sai ta shiga kicin, ta cinye ragowar tuwo, ta bi da burodi, ta kankare ƙanzon tukunya. Tana ci da sauri, ba yunwa take ji ba, amma ta kasa dakatawa. Gari na wayewa sai kunya da kuka. Shekara huɗu tana ɓoye wannan, har ga mijinta.

Ƙaunatattu cikin Almasihu, likitoci sun san wannan damuwa. A shekarar 2013 ƙungiyar likitocin ƙwaƙwalwa ta Amurka ta amince da ita a matsayin ciwo mai zaman kansa: mutum ya ci abinci mai yawa ƙwarai cikin ɗan lokaci, yana jin ya rasa ikon tsayawa, aƙalla sau ɗaya a mako har wata uku, sau da yawa a ɓoye, sa'an nan ya tsani kansa. Yana kama maza da mata, masu ƙiba da siriraru.

Manzo Bulus ya koya wa Romawa cewa sākewar mutum tana farawa ne daga sabuntawar hankalinsa. Haka yake a nan. Kafin hannu ya kai kwano, wata magana ta riga ta shiga zuciya: "Tunda na ɓata yau, bari in ƙarasa, gobe ba zan ci komai ba." Gobe ta yi, ka wuni da yunwa, dare ya yi jiki ya nemi hakkinsa da ƙarfi, ka sake faɗuwa, kunya ta ƙaru. Horon da kake yi wa kanka shi ne itacen da ke hura wutar.

Saboda haka ina faɗa muku da ƙauna: azumi abu ne mai tsarki, amma kada ka mai da shi bulala. Idan kana fama da wannan ciwo, ka yi magana da fasto kafin ka shiga doguwar azumin ikkilisiya. Akwai sauran hanyoyin keɓe kai ga Ubangiji.

Dubi annabi Iliya. Ya gudu daga Yezebel, ya gaji da ransa har ya roƙi mutuwa. Allah bai tsawata masa ba. Mala'ika ya tashe shi, ya ba shi waina da ruwa, ya bar shi ya yi barci, ya sake ba shi. Da ƙarfin abincin nan ya yi tafiyar kwana 40 zuwa Horeb. Allah ya fara da jinƙai da abinci a kan lokaci. Kai ma ka fara daga nan.

Ka ci sau uku a rana, a zaune, tare da mutane in zai yiwu, kada ka bar sa'o'i fiye da huɗu ba ka sa komai a baki ba. Idan sha'awar ta taso, ka tambayi kanka: yunwa ce, ko kaɗaici, ko fushi, ko tunanin bashi? Ka kira abin da sunansa a gaban Allah. Idan ka faɗi, ka ci abinci na gaba a lokacinsa. Faɗuwar dare ɗaya ba ta share alherin Allah. Ka gaya wa amintaccen mutum ɗaya, gama ɓoyo yake ciyar da kunya. Ka kuma ga likita. Masana suna da hanyar jiyya ta zantawa wadda take gyara tunani da halin cin abinci, tana kuwa taimakon mutane da yawa. Zuwa asibiti ba rashin bangaskiya ba ne.

Kamun kai 'ya'yan Ruhu ne, 'ya'yan itace kuwa ba sa nuna a kwana ɗaya. 'Yar'uwar nan takan yi tuntuɓe har yanzu, amma ta daina ci cikin duhu, mijinta kuma yana tsaye da ita. Haleluya!

Addu'a: Ya Uba, ka sabunta tunanina. Ka cire muryar hukunci daga zuciyata, ka koya mini in karɓi abinci da godiya, ka ba ni ƙarfin hali in nemi taimako. Cikin sunan Yesu. Amin.