Ƙaddara da Birkin Keke

Tun da aka cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayu 2023, keke ya fara dawowa kan titunanmu. Ma'aikacin da kuɗin mai ya fi ƙarfinsa ya jingine babur, ya kakkaɓe tsohon Phoenix ɗin da ya daɗe a zaure, ya kai wa mai faci. Abin farin ciki ne, domin keke ba ya shan mai, ba ya hayaƙi, ga shi yana gyara jiki. Tun 2018 Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware 3 ga Yuni a matsayin Ranar Keke ta Duniya, jami'an Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa kuma kan zaga gari a kan kekuna a wannan rana suna wayar da kan jama'a. Sai dai da zarar mai jawabi ya iso batun birki da fitila da hular kwano, akwai amsar da ke jiransa a bakin masu sauraro: abin da Allah Ya ƙaddara babu makawa, wanda kwanansa ya ƙare ko tukunyar ƙarfe ya kifa a ka sai ya tafi. Mai faɗar haka da imani yake faɗa, don haka ya cancanci a ba shi amsa daga cikin addinin da ya kafa hujja da shi.

Babu Musulmin da ke jayayya cewa ajali a rubuce yake. Inda aka rabu shi ne abin da ake ginawa a kan wannan gaskiyar. Wanda ya fi kowa sanin ƙaddara, Annabi Muhammadu (SAW), ya fita yaƙin Uhudu a shekara ta 3 bayan Hijira sanye da sulke biyu, ɗaya bisa ɗaya. A ranar aka fasa kwalkwalin da ke kansa, zobba biyu na ƙarfensa suka nutse a kumatunsa, har sai da Abu Ubaida ya ciro su da haƙoransa. Shekara biyar bayan haka, ranar buɗe Makka, da kwalkwali a kansa ya shiga garin, kamar yadda Bukhari ya ruwaito daga Anas. Haka kuma Tirmizi ya kawo labarin mutumin da ya tambaya ko ya ɗaure raƙumarsa ko ya sake ta ya dogara ga Allah, aka umurce shi ya ɗaure sannan ya dogara. Idan sanya kariya a ka rauni ne na imani, to wa za a fara tuhuma da shi? Wanda ya ƙi gyara birki da sunan tawakkali ya ɗauki matsayin da Manzon Allah bai ɗauka ba.

Sahabbai ma sun yi wannan muhawara, kuma sun gama ta. Lokacin annobar Amwas, Sayyidina Umar ya kama hanyar Sham, ya isa Sarg, aka gaya masa cuta ta ɓarke a gaba. Ya yi shawara, ya yanke a juya. Abu Ubaida ya tambaye shi ko gudun ƙaddarar Allah yake yi, Umar ya nuna masa cewa juyawar ita ma cikin ƙaddara take, ya buga masa misali da makiyayin da ya sauka kwari mai gefe biyu, ɗaya da ciyawa ɗaya busasshe: duk gefen da ya kai raƙumansa, da ƙaddarar Allah ya kai su, amma ba mai hankalin da zai zaɓi busasshen. Wato ƙaddara ta ƙunshi sababi tare da sakamakonsa. Wanda aka rubuta zai tsira daga haɗari, ana iya rubuta cewa birkinsa ne zai kama. Mutum bai ga Lauhul Mahfuzu ba, abin da ya gani shi ne umurni da hani, kuma a kansu za a yi masa hisabi.

Za a ce ai an ga masu hular kwano sun mutu, an ga marasa ita sun tashi sun karkaɗe riga. Haka ne. An kuma ga wanda ya sha magani ya rasu, ba wanda ya ce a rufe asibiti saboda haka. Sababi ba ya ba da tabbas, yana rage haɗari ne, kuma shari'a kanta a kan rinjayen zato take gina yawancin hukuncinta. Sannan masu wannan magana kan manta cewa tsakanin rayuwa da mutuwa akwai wani abu: matashin da kansa ya bugu da kwalta ya rayu, amma ya rasa magana ko hankali, mahaifiyarsa na juya shi a shimfiɗa shekara da shekaru. Rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2023 ya ce kusan mutum miliyan 1.19 ke mutuwa a kan hanya kowace shekara, fiye da rabinsu masu tafiya a ƙasa ne da masu keke da babur, kuma haɗarin hanya ne kan gaba wajen kashe masu shekara 5 zuwa 29.

Abin da ya fi nauyi shi ne hakkin wani. A dubi yaro ɗan shekara tara ranar Sallah, ya karɓi keken haya da ya fi shi tsayi, ya zura ƙafa ta ƙarƙashin sandar tsakiya domin ba ya kai wa sirdi, ƙaninsa na zaune a baya. Robar birki ta cinye, don haka in zai tsaya sai ya danna silifa a kan taya. Magariba ta yi, babu fitila, babu abin ƙyallin nan na baya da ke mayar da hasken mota. Wanda ya ba shi hayar ya sani, uban da ya ba shi kuɗin ya sani. Ko da an yarda mutum ya yi kasada da kansa, alhali ayar Baƙara ta 195 ta hana jefa kai cikin halaka, babu mai ikon yin tawakkali da kan ɗan wani. Shi ya sa fiƙihu ya ɗora diyya da kaffara a kan kisan kuskure, bai ce ƙaddara ce a tashi ba. A zamanta na 1993 a Brunei, Majalisar Fiƙihun Musulunci ta Duniya ta yanke cewa bin dokokin hanya wajibi ne a shari'a, kuma wanda sakacinsa ya jawo ɓarna shi ke da lamuni.

Akwai ƙorafin da na fi ganin ƙarfinsa: talaka ne ke hawa keke, hular kwano na da tsada, titunanmu ba su da layin masu keke, direbobi kuma ba sa ganin mai keke da gashi. Duk gaskiya ne, kuma laifin hukuma da direba ba ya faɗuwa don an yi wa mai keke nasiha. A 2001 ministan sufuri Ojo Maduekwe da kansa mota ta ture shi cikin kwalbati a Abuja yana kan keke. Amma robar birki da ƙararrawa ba su kai kuɗin kati na mako ba, bin hannun da ya dace kuwa kyauta ne. Mun kuma ga iyakar tilas a Janairun 2009, da aka fara kama masu babur marasa hular kwano, wasu a Kano suka kifa ƙwarya a ka don su wuce jami'ai. Doka ta isa kai, ba ta isa zuciya ba, domin zuciyar ta riga ta gamsu cewa abin ba shi da amfani.

Wannan gyaran aikin malamai ne. Kiyaye rai na cikin manyan manufofi biyar na shari'a da Gazali da Shaɗibi suka zayyana, kawar da cuta daga hanya kuma reshe ne na imani. Don haka ina kira ga limaman Juma'a da shugabannin Islamiyyu da masu unguwanni: kafin Sallah mai zuwa, a yi huɗuba ɗaya a kan wannan, a kira mai gyaran keke filin makaranta ya duba birkin yara, a kuma gaya wa masu bayar da haya cewa duk keken da ba ya tsayawa bai halatta ya fita daga rumfarsu ba.