Zato Ba Sani Ba Ne

Ranar 12 ga Oktoba, 1972, wani jirgin sojin saman ƙasar Yurugwai ya tashi zuwa Santiyago, babban birnin Chili, da mutum 45 a ciki. Yawancinsu matasa ne 'yan ƙwallon zari-ruga da danginsu da abokansu. Hadari ya tsare musu hanya a kan tsaunukan Andis, dole suka sauka a garin Mendoza na Ajantina, suka kwana.

Washegari da rana suka sake tashi. Hanyar da aka tsara ita ce su yi kudu, su ratsa duwatsun ta mashigar Planchon, su kai saitin garin Kuriko, sannan su juya arewa su fara sauka. Gajimare ya rufe ƙasa ruf, ba a ganin komai. Daga mashigar zuwa Kuriko tafiyar minti 11 ce, amma bayan minti 3 kacal sai mataimakin matuƙi, Dante Lagurara, ya shaida wa masu kula da zirga-zirgar jirage a Santiyago cewa sun kai Kuriko. Su kuma suka ɗauki maganarsa, suka ba shi izinin saukowa.

Ashe har yanzu suna tsakiyar duwatsu. Jirgin ya kutsa cikin gajimare, iska ta yi ta jijjiga shi, ya daki dutse, fukafukansa da jelarsa suka ɓalle, gangar jikinsa ta zame cikin dusar ƙanƙara. Lagurara na gargarar mutuwa yana ta nanata cewa sun wuce Kuriko.

Mutum 29 suka rasa rayukansu, wasu nan take, wasu daga baya. Sauran 16 sai da suka yi kwana 72 cikin sanyi da yunwa. Ceto bai zo ba sai da biyu daga cikinsu, Nando Parrado da Roberto Canessa, suka yi tafiyar kwana 10 a ƙasa, suka gamu da wani makiyayi.

Hadari ikon Allah ne, ba mai hana shi haɗuwa. Abin da ke hannun bawa shi ne ya tabbatar kafin ya yanke hukunci. Duk wanda aka ɗora wa amanar rayuka, direba ne, likita ko shugaba, idan hanya ta shige masa duhu, ya dakata, ya sake lissafi, ya tambaya. Sauri kan haifi nawa, kuma zaton mutum ɗaya yakan jefa gidaje da yawa cikin makoki.