Ɗan kyanwar da ya rasa uwa: nauyinsa yana kan wa?

Da sunan Allah Mai rahama Mai jinƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Shugaban halitta, Annabi Muhammadu, wanda aka aiko shi rahama ga talikai, da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Bayan haka, a garuruwa irin su Maraɗi da Damagaram da Tawa, sau da yawa akan wayi gari a ji kukan ɗan kyanwa a bayan rumbu, ko cikin kango, ko ƙarƙashin tarin itace kusa da zawiya. Wataƙila mota ta take uwar, ko kare ya kashe ta, ko yara sun kore ta da jifa. Wanda ya ji kukan, tambayoyi uku ne ke tsaya masa. Shin wannan ɗan abu yana da haƙƙi a kansa? Shin barinsa ga Allah bai isa tawakkali ba? In kuma ya kashe masa kuɗi da barcin dare a unguwar da mutane ke kwana da yunwa, bai ajiye alheri inda ba muhallinsa ba?

Tambaya ta farko shari'a ta riga ta amsa ta. Buhari da Muslim sun ruwaito labarin matar da ta shiga wuta saboda kyanwar da ta tsare, ba ta ciyar da ita ba, ba ta kuma sake ta ta nemi abincinta ba har ta mutu. Su ne kuma suka ruwaito labarin mutumin da aka gafarta masa don ya shayar da kare mai ƙishirwa, inda Manzon Allah (SAW) ya sanar da sahabbai cewa akwai lada cikin kyautata wa duk mai rai. A cikin Muwaɗɗa ta Imamu Malik, sahabi Abu Ƙatada ya karkata wa kyanwa ƙwaryar ruwan alwallarsa har ta sha, ya kafa hujja da cewa Annabi (SAW) ya kore mata najasa, ya lissafa ta cikin masu kai da kawowa a gida. Abu Huraira ma, Allah Ya yarda da shi, ƴar kyanwar da yake ɗauka ce ta jawo masa laƙabin da duniya ta san shi da shi.

Akwai abin lura cikin hadisin matar nan: abin da ya halaka ta shi ne tsarewa. Tun daga lokacin da dabba ta shiga hannun mutum, abincinta ya koma wuyansa. Saboda haka ɗaukar ɗan kyanwa alkawari ne. Yaron da ya kawo shi gida don wasa, ya jefa shi cikin kwali ya manta, ya kusanci halin matar nan fiye da wanda bai taɓa shi ba.

Ta biyu kuwa, maganar tawakkali ce. Gaskiya ne Alƙur'ani, cikin Suratu Hud, ya tabbatar da cewa arzikin kowace dabba yana ga Allah. Sai dai Allah Yana isar da arziki ta hanyar sababi. Jiya sababin ɗan kyanwar nan nonon uwarsa ne. Yau uwar ba ta nan, kuma cikin duk mutanen unguwa kunnen mutum ɗaya aka jiyar da kukan. Mai hankali zai duba ko shi ne sababin da aka tanada. Wanda ya ce Allah Zai ciyar da shi, alhali yana da iko ya juya baya, ya fake ne da kalmar gaskiya don ya huta.

Amma tausayi kaɗai ba ya raya jariri, sai an haɗa shi da sani. Da yawa daga cikin ƴaƴan kyanwar da ke mutuwa a hannun mutane, hannun masu son su ne.

Farkon sani shi ne haƙuri. Kyanwa takan fita neman abinci, takan kuma kwashe ƴaƴanta ɗaya bayan ɗaya zuwa sabon maɓoya. In ɗan yana da ɗumi, jikinsa tsaf, ba ya cikin haɗari, sai a ja da baya a sa ido na wasu awoyi. Raba shi da uwar da ke raye cutarwa ce, ko da niyyar ta yi kyau.

In ta tabbata maraya ne, ɗumi ke gaba da abinci. Ana haihuwarsa da nauyin da bai wuce giram 100 ba sosai, ido rufe, ba ya buɗewa sai bayan kwana 7 zuwa 10, kuma a makonnin farko jikinsa ba ya iya riƙe ɗumi da kansa. Daren hunturu ɗaya ya isa ya kashe shi. Sai a sa shi cikin kwali da tsumma mai laushi, a naɗe kwalbar ruwan ɗumi da zane a ajiye gefensa. Ba a ba shi abinci jikinsa na sanyi, domin cikinsa ba zai iya narkarwa ba. Lokacin bazara kuwa inuwa yake buƙata.

Sai abinci. Nonon saniya yakan sa shi zawo, kuma bai kai nonon kyanwa ƙarfi ba. Madarar gwangwani mai sukari da kunu da fura duk ba nasa ba ne. Mafi kyau ita ce madarar da aka haɗa musamman don ƴaƴan kyanwa, a tambayi likitan dabbobi. Kafin a same ta, ana iya riƙe ransa da nonon akuya da aka tafasa ya huce, a kaɗa ɗan gwaiduwar ƙwai a ciki, kuma akuya ba ta wuya a ƙasar da aka san ta da jar akuyar Maraɗi. Ana ba shi da sirinji marar allura, ɗigo-ɗigo, yana kwance a kan cikinsa kamar yadda yake tsotson uwarsa. In aka kwantar da shi rigingine kamar jaririn mutum, madara na iya shiga huhunsa. A makon farko ana ba shi duk bayan awa 2 zuwa 3, dare da rana. Bayan kowane ci sai a shafa ƙasan cikinsa da gindin wutsiya da tsumma mai ɗumi, madadin lasar uwa, domin ba ya iya fitsari ko kashi da kansa sai ya kai kusan mako 3. Wajen mako 4 yake fara lasar abinci mai laushi. Mai kula da shi ya riƙa wanke hannu da sabulu.

Yanzu sai tambaya ta uku, wadda ta fi nauyi. Babu shakka haƙƙin ɗan Adam ne gaba. In kofin nono ɗaya ne a gida kuma ga yaro yana kuka, yaron ne zai sha. Amma a mafi yawan lokuta ba haka lamarin yake ba. Abin da ɗan kyanwa ke sha a yini ƴan cokula ne. Abin da yake ci da gaske shi ne barcin mutum da haƙurinsa. Ya kamata mai wannan hujja ya tambayi kansa: da ya bar ɗan kyanwar, ya kai wa maƙwabcin abincin? Rahama ba hatsi ba ce da ke raguwa in an ɗiba. Zuciyar da ta saba tashi tsakar dare saboda kukan dabba ta fi saurin jin kukan almajiri a ƙofar gida.

Mutanen tasawwufi suna da labari a kan haka. Ana ruwaitowa cewa an ga Shehu Abubakar Shibli, almajirin Imamu Junaidu, wanda ya rasu a Bagadaza shekara ta 334 bayan Hijira, a cikin mafarki bayan rasuwarsa. Ya ba da labarin cewa an tambaye shi dalilin gafarar da ya samu, ya ambaci ibadarsa da hajjinsa da tafiye-tafiyensa na neman ilimi, aka ce masa duk ba su ba ne. Dalilin shi ne wata ƴar kyanwa da ya tarar sanyi ya takure ta a lungun Bagadaza, ya sa ta cikin rigarsa. Mafarki ba a gina hukunci a kansa, kuma labarin bai rage darajar ibada ba. Abin da yake nunawa shi ne aikin da rai bai samu rabo a cikinsa ba yana da nauyi na daban. Mai ciyar da mutum yakan samu godiya da addu'a da suna. Ɗan kyanwa ba ya godiya, ba ya ba da labari, in ya girma ma yana iya haura katanga ya tafi. Ƙarfe uku na dare babu mai gani sai Allah.

Muridin da ya san lazimin safe da na yamma ya san cewa dawwama ta fi farawa wuya. Renon nan ma haka yake, sai dai shi in lokacinsa ya wuce ba a ramawa. Duk da haka, wani ɗan yakan mutu bayan an yi masa duk abin da ya dace, musamman wanda bai samu nonon farko na uwarsa ba. A nan ne tawakkali ke da muhallinsa na gaskiya: bawa ya yi abin da ke hannunsa, rai kuwa na Mai shi ne, ladan kuma ba ya ɓacewa.

Allah Ya tausasa zukatan ƴan'uwa ga dukkan halittunsa, Ya jiƙan masu jinƙai, albarkacin Annabin rahama (SAW). Amin.