Ɗana, kafin ka jefar da hannun gem

Ɗana, in kana cikin waɗanda suka kunna Dark Souls karon farko suka mutu sau ashirin tsakanin azahar da la'asar, matso kusa mu yi magana. Na san irin fuskar da kake yi, domin na gan ta a cikin gidana. Yaron da ya saba lallasa abokansa a gem ɗin ƙwallo, wanda ba a taɓa ganin ya tashi daga gidan gem kansa a sunkuye ba, shi ne na tarar ya yi tagumi gaban talabijin, jan rubutu ya cika allon yana shaida masa ya mutu. Da ya ɗago kai, abin da ya ce mini shi ne wannan gem zalunci ne tsantsa. Ni kuwa na riga shi bin hanyar, na shafe watanni kafin na ga ƙarshenta, shi ya sa nake ganin ina da abin faɗa maka.

Ka fara sanin da wa kake yi. Wani kamfani ne na ƙasar Japan, FromSoftware, ya fitar da gem ɗin a shekarar 2011, ƙarƙashin jagorancin Hidetaka Miyazaki, bayan yayansa Demon's Souls da ya fito a 2009. Da suka kawo shi kan kwamfuta a 2012, laƙabin da suka ƙara masa ma'anarsa ka shirya wa mutuwa. Ba su ɓoye maka komai ba. Babu inda za ka danna ka zaɓi mai sauƙi, kowa tukunya ɗaya ake zuba masa. Babu taswira. Babu kibiyar da ke nuna maka inda za ka dosa. Ko tsayar da wasan ba a yi: in ka buɗe jakarka kana neman magani, maƙiyi ba zai jira ka ba. Kai kuma ka taso da gem ɗin da ke lallashinka, yana riƙe hannunka yana yabonka. Wannan bambancin ne ya fara buge ka tun kafin takobin kowa ya taɓa ka.

Tuna farkon wasan. Kana kurkukun matattu, abin da ke hannunka guntun takobi ne karyayye. Ka tura wata babbar ƙofa, sai ga wani ƙaton dodo ya diro daga sama da gudumarsa. Me ka yi? Na san abin da ka yi, ka tsaya kana saransa da wannan guntun ƙarfe, jininsa ko motsi bai yi ba, ya maƙe ka da ƙasa. Alhali a gefen hagu akwai wata 'yar ƙofa a buɗe, an ma rubuta a ƙasa cewa ka gudu. Wanda ya bi ta nan zai sami makami da garkuwa, wani jarumi mai gargarar mutuwa ya miƙa masa gorar Estus ta warkarwa, daga baya ya dawo wa dodon ta sama ya diro masa a ka. A cikin minti goman farko gem ɗin ya riga ya koya maka yadda yake so a bi da shi: ka duba kewayenka kafin ka zare takobi.

Inda aka fi yin asarar sababbin shiga shi ne Firelink, zangon da ƙaton hankaka ke sauke ka. Wani mutum yana zaune kusa da wuta, gwiwarsa ta riga ta yi sanyi, zai gaya maka akwai ƙararrawa biyu da za ka kaɗa, ɗaya a sama ɗaya a ƙasa. Daga nan sai kai da idonka. Mutane da yawa kan gangara maƙabarta saboda tana nan kusa, su haɗu da ƙwarangwal masu takubba da ke yanka su cikin sara uku. Wasu su sauka ƙasa zuwa kufan New Londo, su tarar da fatalwa waɗanda takobi ke ratsawa kamar hayaƙi, sai da wani tanadi na musamman ake iya taɓa su. Hanyar da ta dace da baƙo tana can gefe, wasu matakala ne da suka bi bakin dutse suka haura. Abin da ke ba ni tausayi, ɗana, shi ne akwai masu shafe yini guda a maƙabartar nan. An gaya musu gem ɗin yana da wuya, don haka suka ɗauka wannan azabar ita ce wuyar da ake faɗa, suka ƙi juyawa don kada a ce sun ji tsoro. Girman kai ne ya tsare su a wurin. Idan ka ga ƙaramin maƙiyi yana kashe ka nan take, kai kuma ka sare shi sau goma bai faɗi ba, an gaya maka ne cewa lokacin wannan wuri bai yi ba. Juya ka nemi wata hanya, maƙabarta ba za ta gudu ba.

Sai maganar rayuka, kuma a nan nake so ka buɗe kunne sosai. Duk abin da ka kashe yana ba ka rayuka, su ne kuɗinka, su ne kuma abin da kake ƙara ƙarfi da shi. Ka mutu, duk sun zube a inda ka faɗi. An ba ka dama guda ka koma ka kwashe su. Ka sake mutuwa kafin ka isa, sun tafi har abada. Dubi abin da wannan ke yi wa zuciya. Ka tara dubu biyar, hankali ya ce ka koma wutar zango, inda ake hutawa, ka ƙara ƙarfi da su, kwaɗayi ya ce ƙara lungu ɗaya. A lungun aka kashe ka. Yanzu ka tashi a guje, idonka ya rufe, ba ka ganin komai sai dukiyarka, har wani ƙaramin matacce da ka kashe sau talatin ya same ka a sakace ya gama da kai. Hausawa sun ce kwaɗayi mabuɗin wahala, kuma ban taɓa ganin wasan da aka gina dukan jikinsa a kan wannan magana kamar wannan ba. Lokacin da za ka koma ɗaukar rayukanka, tafi kamar wanda bai yi asarar komai ba, a hankali, garkuwa a sama. In kuma sun salwanta, ka bar su. Abin da ka koya game da wannan titi, cewa akwai mai jifa da tulun wuta a kan rufi, cewa akwai mai laɓe bayan ƙofa, yana nan a kanka, mutuwa ba ta ƙwace shi.

Da yawa suna zaton saurin yatsa ake buƙata. Miyazaki da kansa ya sha faɗin cewa shi ba gwani ba ne wajen buga gem, yana mutuwa sosai. Abin da ake buƙata lura ce. Akwai koren layi a ƙarƙashin jan layin jininka, shi ne numfashinka. Sara yana cin sa, gudu yana cin sa, mirginawa tana cin sa, tare duka da garkuwa yana cin sa. In ya ƙare ka zama gunki. Baƙo yakan danna sara babu ƙaƙƙautawa har numfashin ya ƙare, sannan ya yi mamakin yadda aka tsaga shi. Ka sani kuma numfashi ya fi saurin dawowa idan ka sauke garkuwa, don haka kada ka maƙale a bayanta. Haka nauyin kaya: in sulkenka da makamanka suka haura rabin abin da za ka iya ɗauka, mirginawarka takan zama ta buhun gero. Ka ga ɗan damben kirki ba ya kai hannu da shigarsa fili, yakan zagaya yana karanta kafaɗar abokin karawa. Yi wa kowane dodo haka. Shiga karon farko da niyyar kallo kawai, ka ƙirga sara nawa yake yi a jere, yaushe yake tsayawa ya huta. A wannan hutun ka sare shi sau ɗaya ko biyu ka ja baya. Sara na uku, wanda zuciyarka ke ce maka ƙara, shi ne yake kai mutane ƙasa.

Nemi maƙeri Andre a ƙasan tsohuwar majami'a, ka kai masa makaminka ya inganta shi, domin wannan ya fi ƙara maka ƙarfi nesa ba kusa ba. Kuma kada ka kuskura ka sari mutanen da ke magana da kai don gwaji. Gem ɗin yana adana duk abin da ka yi nan take, babu komawa baya.

Kada ka ji kunyar neman taimako. Miyazaki ya ba da labarin inda tunanin ya zo masa: wata rana ƙanƙara ta sauka, motoci suka kasa hawa wani tudu, sai na baya ya riƙa tura na gaba har suka haye, kowa ya wuce ba tare da ya san wanda ya taimake shi ba, bai ma sami damar godiya ba. Daga nan ya sa alamun kira a ƙasa, inda baƙon da ba ka sani ba zai shigo duniyarka ya taya ka faɗa ya ɓace. Ko ba ka da intanet, akwai jarumi Solaire, mai son rana, wanda za ka iya kira a wasu manyan faɗace-faɗace. A birnin Anor Londo akwai wasu biyu, Ornstein mai mashi da sauri da Smough mai ƙatuwar guduma, da suke haɗuwa a kanka lokaci guda. Nan ne jama'a da dama suka ajiye gem ɗin. In ka kira wani ya riƙe maka ɗaya, ba ka saci nasara ba, hanya ce da masu gem ɗin suka shimfiɗa da hannunsu. Sai dai ka yi hattara da saƙonnin da 'yan wasa ke bari a ƙasa. Wasu gaskiya ne, wasu kuwa za su ce ka yi tsalle a bakin rami.

Zan faɗa maka gaskiya, yaron gidana bai yi ƙarya gaba ɗaya ba. Akwai wuraren da ni ma nake ganin an wuce gona da iri. Dodon Capra yana jiranka a wani ɗan ƙuntataccen fili tare da karnuka biyu, kana ratsa hazon da ke rufe ƙofar filin suna kanka kafin ka ga inda kake. A magudanar ƙarƙashin gari akwai wasu halittu masu manyan idanu da ke fesa la'ana, ta kashe ka, ka tashi da rabin jini, ka zauna haka har sai ka samo maganinta, kuma ba wanda ya yi maka bayani. Blighttown kuwa duhu ne da dafi da katakai masu santsi. A irin waɗannan wurare ka tambayi wanda ya riga ka. Ku kuma da kuka ƙware, ina roƙonku, in ƙaninku ya zo da tambaya kada ku sallame shi da cewa ya je ya iya. Kun manta ranar da ku ma kuka tsaya kuna saran dodon kurkuku da guntun takobi?

Abin da ya fi damuna ba dodannin ba ne, kai ne. Na ga yadda wannan gem ke tafasa jinin yaro har ya daka wa mahaifiyarsa tsawa don ta kira shi yana tsakiyar faɗa. Wannan asara ce da ta fi ta rayuka dubu ɗari. Tunda ba a tsayar da shi, kada ka shiga hazon babban dodo alhali ka san an kusa kiran salla ko an aike ka. In kira ya riske ka, fita daga wasan ta hanyar da aka tanada, zai ajiye maka matsayinka. In ka mutu sau biyar a jere ka ji hannunka na rawa, tashi. Na sha kwanciya da dodo ya gagare ni, in wayi gari in kayar da shi a gwaji na biyu, domin fushi ne ya rufe mini ido a daren. Ka tuna kuma ƙagaggen labari ne mai jini da duhu, a Turai ma an ƙayyade shi ga 'yan shekara 16 zuwa sama, don haka kada ka zaunar da ƙannenka ƙanana a gabansa. In kuwa ka gwada da gaske ka ga ba ya ba ka komai sai ɓacin rai, ajiye shi, ba a auna mutum da wannan. Wataƙila Elden Ring, da kamfanin ya fitar a 2022, ya fi dacewa da kai, domin a can in wani ya tare maka hanya sai ka hau dokinka ka nufi wani yanki ka dawo da ƙarfi.

Amma in zuciyarka na nan, koma Firelink yau. Bar maƙabarta, bi matakalan da suka haura, ka ratsa magudanar ruwa ka shiga garin matattu. Kafin ka fuskanci dodon da ke kan ganuwa, hau tsanin da ke bayanka ka kashe maharba biyun da ke sama, sannan ka diro masa daga can. A kan gada akwai jan dodo mai feshin wuta, kada ka tsaya kallonsa, ruga zuwa matakalan tsakiya ka sauka, ka shure tsanin da zai haɗa ka da wutar zangonka. Ci gaba har majami'a. A gefenta akwai wani ɗaki mai hawa da sauka, shiga ka tsaya. Zai gangara da kai ƙasa a hankali, kana zaton wata sabuwar masifa ce ke jiranka, sai ka ji wani sanyayyen kiɗa da ka sani, ka hango wutar Firelink tana ci, ga mutumin nan zaune inda ka bar shi.